Yadda Ake Shirya Gida Ya Tsallake Bincike Kafin a Sa Shi a Kasuwa a Legas

Akwai wani Alhaji da muke sallah masallaci ɗaya a Agege, ya taɓa kirana in nemo masa mai sayen gidansa, bene mai filat huɗu. Da na je na tarar an gama fenti ciki da waje, gida sai ƙyalli yake. Mai saye ya zo da injiniyansa. Injiniyan bai ko kalli fentin ba, tsani ya nema, ya hau ƙarƙashin barandar sama da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa. Wani wurin ƙarar ta fito tsaf, wani wurin kuma sai ka ji kamar ana buga ƙwarya. Ya ɗan ƙara ƙarfi, sai ga ɓallin kankare kamar tafin hannu ya faɗo, rodin ciki ya yi tsatsa har ya kumbura yana ɓarewa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ai shekaranjiya aka gama aikin nan." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, fenti aka gama, ba aiki ba." Ciniki ya watse a ranar, kuɗin fentin kuma ya tafi, domin sai da aka sassaƙe wurin aka sake.

Na daɗe ina harkar kula da gidaje da dillancinsu tsakanin Agege, Idi-Araba da Mile 12, kuma kuskuren da na fi gani ke nan: a fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Tsarin da nake bi shi ne takarda, sai ƙashin gini, sai wuta da ruwa, sai bashi, fenti a can ƙarshe.

Ka fahimci wani abu tun yanzu. A Legas ba wani ofishi guda da za ka je ya duba gidanka ya ba ka takardar "je ka sayar". Binciken a rarrabe yake. Lauyan mai saye zai tono takardu, injiniyansa ko na bankin da zai ba shi rance zai duba ginin, gwamnati kuma za ta shigo lokacin neman amincewar gwamna. Ban da wannan, hukumomin gini da na muhalli suna iya manna maka takardar gargaɗi ko su shafa jan fenti a katanga kowace rana. Aikinka shi ne ka riga su duka.

ABIN DA ZA KA TANADA

Takardu, na asali da kwafi uku-uku:
- Takardar mallaka: C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama a fili da gwamna ke bayarwa, ko takardar miƙa mallaka da aka yi wa rajista mai ɗauke da amincewar gwamna, tare da rasidan saye tun daga mai filin farko.
- Takardar safiyo mai lambobin duwatsun iyaka.
- Zanen gini da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar izinin gini.
- Takardar shaidar kammala gini da cancantar zama, idan an taɓa karɓa.
- Rasidan harajin gida na shekara, takardar shaidar biyan harajinka, lambar mitar wuta, rasidan kwasar shara.
- Yarjejeniyar 'yan haya da littafin karɓar kuɗi.

Kayan zagaye: tef ɗin awo mai tsawo, tocila mai haske sosai, ƙaramar guduma, tsani, alli ko maka, littafi da biro, da wayar da za ka ɗauki hoto.

Mutane: lauyan da ya saba da harkar fili a Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jiha suke, safiyo mai rajistar SURCON (hukumar masu safiyo), injiniyan gini mai hatimin COREN (hukumar injiniyoyi), mai zanen gini mai rajistar ARCON (hukumar masu zanen gini) idan zane ya ɓata ko ya sauya, da mai wayarin da ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wuta. Ka nemi lambar rajistar kowannensu, ba rashin kunya ba ne. Kuma ka gaya musu gaskiyar komai, ba a yi wa mai wanka ɓoyon cibi.

Lokaci: ka ba kanka aƙalla wata uku. Idan akwai 'yan haya na shekara ko maganar gado, wata shida ma ba ta yi yawa ba.

MATAKI NA 1: BINCIKI TAKARDARKA KAMAR KAI NE MAI SAYE

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Abin da ke hannunka haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba ka miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna. Daga nan duk wahalar ta samo asali.

Ka sa lauyanka ya nemi bincike a ofishin rajistar filaye da ke Alausa, Ikeja. Abin da ake dubawa: sunan wa ke kan fayil, shin an taɓa jinginar da gidan a banki ba a warware ba, akwai ƙorafi ko shari'a a kansa. Na ga wanda ya biya bashin banki tsaf shekaru da suka wuce, amma ba a kai takardar sakin jingina an yi mata rajista ba, har ranar fayil yana nuna gidan a jingine.

Sannan safiyo ya kai takardar awon ofishin Babban Safiyon Jiha a ɗora ta kan taswirar gwamnati. Nan za a gane ko filin yana cikin yankin da gwamnati ta karɓe, ko yana cikin wanda ta sakar wa 'yan ƙasa aka buga a gazet, jaridar sanarwar gwamnati, ko kuwa ya hau kan hanyar da aka tsara. A tabbatar kuma an ajiye kwafin awon a ofishin tun asali. Awon da ba a ajiye ba, takarda ce kawai.

Idan abu ya rasa:
Takardar asali ta ɓata ko ta ƙone? Rantsuwa a kotu, rahoton 'yan sanda, sanarwa a jarida, sannan a nemi kwafin da ofishin rajista ya tabbatar.
Rasidin dangin masu ƙasa kaɗai gare ka, waɗanda ake kira omo-onile? Da yawan gidajen mutanenmu na tsofaffin unguwanni haka suke. Ana sayar da irinsu, amma farashi yana faɗuwa kuma banki ba ya kallonsu. Lauya ya duba ko filin yana cikin wanda ake iya daidaitawa a nemi takardar gwamnati. In ba za ka iya jira ba, ka faɗa wa mai saye tun ranar farko.

Gidan gado yana da tasa maganar. Malamai sun raba gado bisa shari'a, kowa ya yarda, alhamdu lillahi. Amma Alausa sunan mamaci ta sani. Sai an je sashen gado na Babbar Kotun Jiha an karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, waɗanda aka ambata a ciki su ne masu sa hannu. Kada babban wa ya karɓi kafin alƙalami shi kaɗai alhali akwai ƙanwa a Kano ko Sakkwato da ba ta sani ba. Wannan ya rusa ciniki da zumunci a gabana ba sau ɗaya ba.

MATAKI NA 2: GWADA ZANE DA ABIN DA KE TSAYE

Ɗauki zanen da aka amince da shi ka tsaya a bakin ƙofa. Ƙirga hawa, ƙirga filat, ƙirga ɗakuna. Abin da ke takarda shi ne a ƙasa?

Mu dai mun san halinmu. An ba da izinin hawa ɗaya, bayan shekara goma kasuwa ta yi kyau aka ɗora wani. An yanki tsakar gida an yi ɗakunan yara. An fasa katangar gaba an fitar da shaguna uku. Duk wannan a idon LASPPPA, hukumar da ke ba da izinin gini, saɓa doka ne, kuma LASBCA, mai sa ido kan gine-gine, ita ce za ta zo da jan fenti. Dukansu biyu dokar tsara birane ta jihar ta 2010 ce ta haife su, an kuma sabunta ƙa'idojinsu a 2019.

Yanzu fito da tef. A galibin unguwannin zama ana neman tazarar mita 6 daga gini zuwa iyakar gaba, mita 3 a kowane gefe da baya. Shagunan gaba a cikin wannan tazarar suke zama. Sai ka ɗaga kai: akwai babbar wayar wuta kusa? Ƙa'idar tarayya ta ce a bar mita 5.5 kowane gefe ga layi mai ƙarfin wuta 11kV da 33kV, mita 15 ga 132kV, mita 25 ga 330kV. Ginin da ke ƙarƙashin babban layi ba ya daidaituwa, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai gyara.

Haka ma magudanar ruwa. Wanda ya ga rusau ɗin Ikota a Lekki a 2023 da na Mende a Maryland a 2024 ya san ma'aikatar muhalli ba wasa take ba, kuma manyan gidaje ne masu tsada aka taɓa. Idan gidanka yana kusa da kanal, ka nemi takardar wankewa daga ofishin kula da magudanan ruwa na ma'aikatar. Mai saye mai wayo zai tambaye ta kafin ya tambayi farashi.

Idan zane da gini sun saɓa, hanya uku ce. Ko ka rushe ƙarin da hannunka, wanda sau da yawa shi ya fi sauƙi idan rumfa ce ko shagon bulo ɗaya. Ko ka nemi daidaitawa a ofishin gunduma na LASPPPA da ke yankinka: mai zane ya zana ginin yadda yake a yanzu, a haɗa da takardar mallaka, takardar safiyo, rahoton gwajin ƙarfin gini, wasiƙar injiniya mai ɗaukar alhakin tsayuwarsa, da shaidar haraji, su yi ƙiyasi ka biya har da tara. Ko kuma ka sayar a haka, a rubuta cikin yarjejeniya cewa mai saye ya sani kuma an rage masa kuɗi. A 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar afuwa daga watan Mayu har ƙarshen shekara, aka yafe tarar ga masu daidaita tsofaffin gine-gine. Duk lokacin da ka ji an sake buɗe irinta, ka ajiye komai ka tafi.

Gargaɗi: kowane kuɗin hukuma yana da takardar ƙiyasi, ana biya ta banki ko ta hanyar biyan gwamnati, a ba ka rasidi. Wanda ya tare ka a bakin ofis ya ce kawo a hannu zai fito maka da hatimi gobe, hatimin bogi zai kawo, kuma lauyan mai saye zai je ya tantance lambar fayil ɗin.

MATAKI NA 3: ZAGAYEN IDO DA GUDUMA

Wannan da kanka za ka yi kafin ka biya injiniya, domin ka san inda za ka nuna masa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne washegarin ruwan sama mai ƙarfi, a Yuni ko Yuli. Gidan Legas da rani baƙo ne, da damina ake sanin halinsa.

Fara daga waje, ka ja baya zuwa tsallaken titi. Gidan a miƙe yake ko ya ɗan karkata? Dubi layin baranda da na rufi, a daidai suke ko tsakiya ta lotsa? A wuraren da aka cike fadama, irin sassan Mile 12, Ajegunle da Ijora, gini yana nutsewa a hankali. Alamarsa: dandamalin ƙofa ya koma ƙasa da titi, ƙofofi suna cijewa, tayil yana tsagewa a layi ɗaya.

Sai tsaga. Ba kowace ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi mai rassa a kan filasta, ta filasta ce. Waɗanda za ka zagaye da alli su ne: wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ke bin layin bulo kamar matakala, wadda ta ratsa bango har ana ganinta ta ɗaya gefen, da duk wadda ke jikin ginshiƙi ko bim. Idan bakin tsabar kuɗi yana shiga, ta wuce wasa. Ga dabarar da nake yi: ka kwaɓa ɗan siminti ka shafa a kan tsagar kamar faɗin yatsu biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako uku ko huɗu ka dawo. In shafen ya tsage, ginin yana motsi har yanzu.

Shiga ciki da tocila. Haska ƙarƙashin dekin, musamman ƙasan banɗakin sama, kicin da baranda. Tabo mai ruwan ƙasa alamar tsatsar rodi ce. Iskar Legas tana ɗauke da gishiri, in kuma an yi gini da yashin ruwan gishiri ba a wanke ba, ko kankaren da ya rufe rodi ya yi siriri, danshi yana isa ga ƙarfen. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ture kankaren daga ciki. Abin da ya faru da barandar Alhaji ke nan. Ƙwanƙwasa a hankali, duk inda ya yi ƙarar fanko ka sa alama.

Dubi gindin bango. Idan fenti yana kumbura yana zubar da farin gari daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawowa daga tushe. Leƙa cikin silin ka ga katakon rufi, ka soka masa sukudireba, in ta shige gara ta riga ka. Hau inda tankin ruwa yake. Lita dubu ɗaya tan ɗaya ce, mutane kuma sai su jera tankuna uku a kan dekin da ba a yi shi don haka ba. Girgiza ƙarfen baranda da na matakala, kada ya motsa.

Rubuta komai, ɗauki hoto, kada ka gyara komai tukuna.

MATAKI NA 4: INJINIYA DA GWAJIN ƘARFIN GINI

Ka san dalilin da hukuma ta tsananta. A ranar 13 ga Maris 2019 bene ya rufta a Ita-Faaji cikin tsibirin Legas da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu. A 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka tafi. Dokar 2010 ta ce ginin da ya rushe saboda sakacin mai shi, gwamnati ta ƙwace filin. Ba maganar takarda kawai muke ba, rayukan mutanen da za su kwana a ciki bayanka ne.

Ka zagaya da injiniya ka nuna masa alamominka. Ga bene, ko tsohon gini, ko wanda aka yi wa ƙari, zai ce a yi gwajin da ba ya fasa gini. Hukumar gwajin kayan gini ta jiha, LSMTL, da ke Ojodu Berger ita ke wannan, akwai kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ta yi wa rajista. Kafin ka biya na 'yan kasuwa ka tabbatar hukuma tana karɓar rahotonsu. Za su zo da na'urori: wata tana harba ƙarfe a jikin kankare ta auna taurinsa, wata tana tura sauti ta cikin ginshiƙi ta gano rami ko ruɓewa, wata tana nuna inda rodi yake da kaurin abin da ya rufe shi. Za su kankare filasta a wurare da dama. Ka ga dalilin da na ce a bar fenti.

Ka shirya musu: a sanar da 'yan haya, a buɗe kowane ɗaki, a janye kaya daga jikin ginshiƙai. Ɗakin da aka kulle, a rahoto za a rubuta ba a duba ba, mai saye kuma a nan idonsa zai tsaya.

Rahoto zai ce ɗaya cikin uku: lafiya, ko a gyara wurare kaza, ko ginin ya gaji. In gyara ne, injiniya ya rubuta yadda za a yi, ya kuma tsaya a kai. Gyaran rodi mai tsatsa ba shafa siminti ba ne: a tokare dekin, a sassaƙe har bayan ƙarfen, a goge tsatsar, a ƙara rodi inda ya cinye, a shafa maganin tsatsa, sannan a mayar da kankaren gyara. A kuma toshe inda ruwan ke shigowa, in ba haka ba shekara biyu ya dawo. Gyaran da ya taɓa ginshiƙi, bim ko rufi yana bukatar izinin gyara daga hukuma, ka nema kafin birkila ya ɗaga guduma.

In rahoto ya ce ginin ya gaji, kada ka nemi wani injiniyan da zai rubuta maka abin da kake so. Ka fitar da mutane, ka sayar a matsayin fili. A Agege da Mushin sau da yawa filin ne ma ake saye.

Bayan gyara, ka kai fayil ofishin gunduma na LASBCA ka nemi takardar shaidar kammala gini da cancantar zama. Jami'ai za su zo su gwada gini da zane. Tsofaffin gidaje da yawa ba su taɓa samunta ba, shi ya sa wanda ke da ita yake ciniki da ƙarfin gwiwa.

MATAKI NA 5: WUTA, GAS DA HANYAR TSIRA

Mai wayarin ya buɗe akwatin rarraba wuta a gabanka. Abin da za ku nema: wayar da ta yi baƙi ko ta narke, fis ɗin da aka ɗaure da zaren waya, haɗin da aka naɗe da leda. Waya mai kauri 1.5mm² ta fitilu ce, 2.5mm² ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita da kukar girki kowanne ya samu layinsa mai kauri. A auna wayar ƙasa a tabbatar sandar da aka binne tana aiki, a sa makatsin da ke yanke wuta da kansa idan ta fara zuba a jikin mutum. Makunnin sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta ya zama na gaske, ba wayoyi biyu da ake sokawa a soket ba. Ya rubuta maka rahoto da sa hannunsa.

Idan wani ɗan haya ya yi haɗin bayan mita, a cire yau. In kamfanin wuta ya gano, mitar gidanka za a rubuta wa tara.

Janareta ya zauna a fili, nesa da taga, ba a ƙarƙashin matakala ko cikin lungu ba. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari amma tana kashe iyali guda cikin dare. Tukunyar gas a waje ko inda iska ke ratsawa, a sauya tiyon da ya tsage, a gwada haɗin da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfen tagogi. Mun rufe kanmu saboda ɓarayi har ba mu bar wa kanmu mafita ba. A gidan haya mai dogon lungu, ɗakuna suna kallon juna, ƙofa ɗaya ce, ta bayan an toshe ta da buhuna ko an yi mata walda. Ka buɗe ta. A kowane filat a sa mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa daga ciki. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a kowane hawa, allurarta a kan kore, da kwanan watan da aka yi mata sabis. Idan gidan yana da shaguna, makaranta, masauki ko hawa da yawa, ka gayyaci hukumar kashe gobara ta jiha ta duba ta ba ka takarda, irin waɗannan wuraren kuma Hukumar Kiyaye Haɗura a gine-gine da wuraren aiki ta jiha (Lagos State Safety Commission) ma tana leƙa su. Ka tambayi lauya game da inshorar da doka ta ɗora wa gidajen da 'yan haya ke ciki. Lambar gaggawa 112 ko 767, a rubuta a bango kusa da ƙofa.

MATAKI NA 6: RUWA, SOKAWE DA KWATA

Nan fagen duba-gari ne, waɗanda Yarabawa ke ce wa wole-wole. A kira motar kwashe masai mai rajista a kwashe, a duba murfin sokawe, in ya tsage a sake zuba shi, yara suna wasa a kai. Kada bututun banɗaki ya zuba a kwatar titi. A yashe kwatar gaban gida. Shawarar masana lafiya ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya ko burtsatse da ramin masai, filayen Legas kuwa ba kasafai suke ba da wannan ba, don haka ka kai ruwan a gwada, ka sa sakamakon a fayil.

MATAKI NA 7: SHARE BASHI

Harajin gida na shekara, Land Use Charge, ya haɗe kuɗin ƙasa da tsohon harajin gini na ƙaramar hukuma wuri ɗaya, kuma gidan yake bi. Ka nemi lissafin duk shekarun baya ka biya. Sai takardar shaidar harajinka daga LIRS, hukumar haraji ta jiha. Sai wuta: Agege da Mile 12 suna hannun Ikeja Electric, Idi-Araba da Mushin suna hannun Eko. Je ofishinsu ka karɓi lissafin kowace mita, har da mai kati, domin ana ɗora tsohon bashi a kanta ana cira duk lokacin da aka sa kuɗi. Kada ka cire mita ka tafi da ita sabon gida, a adireshin aka yi mata rajista. Ƙarshe, kuɗin masu kwasar shara na LAWMA da na ƙungiyar unguwa.

MATAKI NA 8: 'YAN HAYA

Ka gaya musu da bakinka kafin su ji a bakin dillali. Mutumin da aka mutunta shi ke buɗe wa injiniya ƙofa. Idan mai saye yana son gida ba kowa, dokar haya ta 2011 ta tsara wa'adi inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu ba: wata ɗaya ga mai biyan wata, wata uku ga mai biyan wata uku ko shida, wata shida ga mai biyan shekara, bayan nan notis na kwana bakwai, sannan kotu. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba, can lauya zai nuna maka wadda ake bi. Kada ka yaye kwano, kada ka yanke wuta ko ruwa don mutum ya tashi. Laifi ne mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida, ban da alhaki. Sau da yawa yafe hayar wata biyu ya fi shekara guda a kotu arha.

MATAKI NA 9: FAYIL, FENTI DA RANAR DUBAWA

Yanzu ka yi fentinka.

Haɗa fayil ɗaya bisa tsarin matakan nan, har da hotunan kafin gyara da bayansa. Ka ƙara shafi guda da ka rubuta aibin da ya rage: ɗakin baya yana ɗan yoyo in ruwa ya yi yawa, titi yana cika a Yuli, shagon gaba ba ya cikin zane. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma ta fuskar ciniki ma, aibin da ka faɗa da bakinka ragin kuɗinsa kaɗan ne, wanda mai saye ya tono da kansa kuwa sai ya sa shi zargin sauran fayil ɗin duka. Kwafi za ka bayar, na asali a nuna a ofishin lauya kawai. Dillalin da za ka ba gidan ya kasance mai rajista da LASRERA, hukumar jiha mai sa ido kan dillalan gidaje, a kuma rubuta la'adarsa tun farko.

Ranar da masu dubawa za su zo, na hukuma ne ko na mai saye, ka kasance a wurin da makullan ko'ina, tsani a jingine, wuta a kunne, ruwa a tanki don a gwada famfo. Jami'in hukuma ka nemi katin aikinsa cikin ladabi. In ya ba da takardar gyara, ka karɓa, ka duba wa'adin da ke jiki, ka amsa a rubuce kafin ya cika.

Bayan an daidaita, lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka. Neman amincewar gwamna bisa al'ada mai saye ne ke bi ya biya, amma ba ya tafiya sai da kai: sa hannunka a kan takardar da fom mai lamba 1C, hotunanka, da katin shaidarka. Ka sa hannu a kan dukansu a zama ɗaya, ranar da banki ya tabbatar kuɗi sun shiga, musamman in kana shirin komawa Arewa. A ranar ku karanta mita tare, ku rubuta lambar a takardar miƙa makulli, kowa ya riƙe kwafi, sannan ka rubuta wa kamfanin wuta da ofishin harajin gida cewa a sauya suna.